Rubutun da na yi a ƙasan waƙar Fatsuma

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, ina kuma tura wa mutane waƙoƙi a waya a 'yar rumfata ta bakin tasha. Duk mawaƙiyar da na ɗauka sai na rubuta sunanta da garinsu a ƙasan bidiyon, don masu biki su san inda za su same ta. Hannuna ya saba, ba ya jiran shawarar kaina.

Da damina 'yan bindiga suka kwashe maza tara a gonakin Kakangi, matan garin suka fito suka tare hanya. Ba kwali, ba lasifika. Ƙore suka kife a bahon ruwa a tsakiyar kwalta, kai ka ce suna ake yi. Fatsuma mai kiɗan ƙwarya ta ɗauko waƙar kai amarya ta canza mata baitoci: inda ake kiran dangin ango, sai ta dinga kiran waɗanda ke daji ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na taran, mijinta Mainasara, ba ta faɗi sunansa ba, don mace irinta ba ta kiran sunan miji. Cewa ta yi, "da wanda bakina ba ya faɗa." Har direbobin da aka tare sai da suka share hawaye.

Margaret, malamar firamare da ta tara matan, ta ja ni gefe.

"Shafi'u, ka ɗauki ƙwarya da hannuwa. Ban da fuska, ka ji ko?"

Na ji, na kuma cika. Ko kunnen mutum bai fito ba. Amma da na zauna tace bidiyon, sai na rubuta a ƙasa yadda kowa ke kiranta: Fatsuma ta Mainasara, Kakangi. Har na zaɓa masa ruwan ɗorawa don ya fito rangaɗau.

Kwana uku waƙar ta zaga duniya. 'Yan acaɓa suka mayar da ita ƙarar waya, matan Randagi suka fito da nasu ƙoren. Ni kuwa ina ta hura hanci, duk wanda ya zo sai na ce ai ni na ɗauka.

Sai ga Margaret a rumfata, ko sallama babu.

"Kai a tunaninka na cikin dajin ba su da waya?"

Na goge bidiyon daga wayata a gabanta, amma waya dubu nawa zan bi in goge?

Bayan mako uku mutum takwas suka dawo. Mainasara sai da ya ƙara wata biyu. Duk tsawon lokacin, in Fatsuma ta gan ni sai ta tsaya ta gaishe ni, ta tambayi iyali. Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Wata ranar kasuwa na ɗaga kai, ga Mainasara tsaye yana dogara sanda, ya rame ƙwarai.

"Baba Mainasara, ni ne na rubuta..."

"Na sani. Akwai mai karatu a cikinsu, shi ya karanta musu." Ya gyara tsayuwa. "Kullum sai sun kunna, su ce tashi ka taka wa matarka. In na faɗi su tashe ni da gindin bindiga."

Ya zaro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba, ya miƙo mini.

"Saka mini waƙar. Tun da na dawo ta ƙi taɓa ƙwarya, a can kuwa kullum ina jin muryarta."

Na karɓa.

"Amma ɗana," ya ce, "wannan rubutun na ƙasa, in yana ciruwa, ka cire."