Ranar da Ta Ɓace a Kan Teku

Baba ya shige layin bincike a filin jirgin Vancouver riƙe da baƙar rigarsa a leda, don kada ta yamutse. Bai waiwayo ba. Tun da aka bugo daga Manila aka ce Kaka ta rasu, ya rage magana.

Ni na saya masa tikiti, ni kuma na faɗa wa ƙanwarsa, Gwaggo Remedios, lokacin saukarsa. A gidanmu ba a binne uwa sai 'ya'yanta na waje sun iso, kuma Baba kaɗai ake jira. Na yi lissafi da ka: tashi Alhamis ƙarfe takwas na safe, awa goma sha huɗu a sama, ke nan goman dare. "Ku sa jana'iza Juma'a da safe," na ce.

Ina jiran jirgin ƙasa na koma gida na buɗe takardar tikitin, don kawai na rasa abin yi da hannuna. Sauka: ƙarfe ɗaya na rana. Juma'a.

Na karanta sau uku. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Agogon Manila yana gaban namu da awa goma sha biyar, na san wannan tun ina firamare. Goman daren da na faɗa musu ya riga ya wuce a can, Baba kuwa yanzu jirginsu yake ɗagawa. Za a rufe kabarin yana saman teku.

Jiragen ƙasa biyu suka wuce ni. Gwaggo ce wadda nake ɓuya a kicin idan ta kira. Na danna lambarta.

Ta ɗauka, ina jin masu zaman makoki suna buga karta kusa da akwatin gawa, kamar yadda ake yi don kada barci ya kwashe su.

"Gwaggo, Amihan ce. Na yi kuskure. Baba ba zai..."

"Ɗaga murya, 'yar nan, ba coci kike ba."

"Sai Juma'a da rana zai sauka."

"To, Malama mai digiri, yanzu kika gano?" Na ji ta ajiye kati a tebur. "Shekara ashirin da shida ubanki yana wannan hanya. Duk wanda ya ce mana ga ranar zuwansa daga can, ƙara masa kwana muke yi. Ran Asabar muka tsayar da fadan coci."

Na koma na zauna. Gwaggo ta ci gaba:

"Ya ci abinci kafin ya shiga?"

"Ya ƙi."

"Haka yake. Zan sa a ajiye masa shinkafa." Na ji ta ɗauki wani kati. "Ita ma Inna kullum sai ta tambaye ni ina ranar nan da take ɓacewa a hanya take zuwa."

Jirgi na uku ya tsaya. Na shiga, takardar tana hannuna a murɗe.