Sawun da Yaya Ya Zagaye

Wanda bai taɓa kallon wasan tanis a filin jar ƙasa ba sai na ɗan yi masa bayani, don a nan maganar take. Duk inda ƙwallo ta dira a irin wannan fili sai ta bar sawu, ɗan tabo mai tsawon yatsa. In aka yi gardama ko ta taɓa farin layi ko ta fita, ɗan wasan da ke kusa sai ya zagaye sawun da bakin raket ɗinsa, wato abin bugun ƙwallon, alƙalin wasa ya sauko daga doguwar kujerarsa ya duba da idonsa. Haka ake yi wa kowa. Yayana ne kaɗai alƙalai suka daina sauko wa.

Shekara ashirin da ɗaya yana wannan sana'a. Bango ake kiransa, saboda duk abin da ka jefa masa sai ya dawo maka. Kofunan da ya ci ba su cika kanta ɗaya ba, abin da ya tara shi ne suna. Ya sha goge sawu da tafin takalminsa ya bar wa abokin karawa maki, a daidai lokacin da shi kansa yake neman makin ido rufe. Saboda haka in ya zagaye sawu ya ce waje ne, alƙali kai kawai yake gyaɗawa. Ni ƙanwarsa ce, ni nake ɗaura masa igiyar raket tun ina budurwa, kuma ina alfahari da wannan suna fiye da shi kansa.

Ni kaɗai na san abin da ya samu idonsa na hagu. Wata takwas kafin ranar da zan ba da labari na raka shi wurin likitan ido, likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce tsakiyar ganin idon tana dusashewa kuma ba za ta dawo ba. Muna fitowa Yaya ya riƙe ni a bakin mota.

"Ki rantse ba wanda zai ji. Kakar wasa ɗaya nake so in ƙarasa."

"Yaya, ƙwallon nan fa gudunta ya fi na motar nan. Da me za ka gan ta?"

"Da ɗayan idon. Da kunne kuma. Shekara nawa ina jin ƙararta?"

Na rantse. Taurin kai a gidanmu gado ne, shi dai ya kwashi kaso mafi tsoka.

Kuma ya yi abin da ya faɗa. Ya koyi karkata kansa kaɗan don idon dama ya riƙa cin filin, ya koyi gane inda ƙwallo za ta daga ƙarar da ta yi a raket ɗin abokin karawa. Mutane suka ɗauka sabon salo ne na tsufa. A haka, yana da shekara talatin da tara, ya kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasa, aka haɗa shi da Bahago.

Bahago yaro ne ɗan shekara goma sha tara, dogo, siriri, da hannun hagu yake bugu, kuma a lokacin ba a maganar kowa sai shi. Baba yake ce wa Yaya. Ranar da suka fara haɗuwa ya gaishe shi da hannu biyu, ya ce don ya ga wasansa a talabijin ya fara riƙe raket. Yaya ya ce masa to ya yi haƙuri, ya zaɓi abin koyi mai araha.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi wasa irin na wannan yammacin ba. Turmin farko yaron ya cinye shi cikin minti ashirin da biyar, ƙwallo na wuce Yaya kamar an harba. Har wasu 'yan kallo sun fara tattara jakunkunansu. Daga nan tsoho ya canza hannu. Ya daina gasar ƙarfi, ya koma yankan ƙwallo ƙasa-ƙasa, ta zo wa yaron a gwiwa, wata ya ɗiga ta a gindin raga, yaron ya rugo, ya cilla masa ta bayan kai. Bahago ya yi ta gudu yana zamewa, jar ƙasa har a gira. Shi ma ba kanwar lasa ba ne, ya ɗauko wasu ƙwallayen da ni kaina sai da na tafa masa, ina ƙanwar abokin karawarsa. Yaya ya ci turmi na biyu. Na uku ya ja su har awa uku ta cika, rana ta karkata, inuwar rumfar 'yan kallo ta raba filin biyu.

Sai ya rage wa Yaya maki ɗaya ya ci wasan.

Sun yi musayar bugu goma sha wani abu, sannan Bahago ya saki ɗaya da dukan ƙarfinsa ta gefen hagun Yaya, a kan layi. Mai kula da layin ya ɗaga hannu, ya sauke, ya rasa ta cewa. Yaya ya taka a hankali, ya sunkuya, ya zagaye wani sawu, ya ɗaga yatsa. Waje.

Kujerata tana daidai wannan kusurwa. Sawun da ya zagaye tsoho ne, na wata ƙwallo da ta fita tun ɗazu. Sabon yana gaba da shi da taƙi guda, ya ci rabin layin, har da farin ƙura a gefensa. Yana gefen idon da ba ya gani.

Bahago ya ɗaga raket yana kiran alƙali. Alƙalin ya ɗora hannu a ƙarfen kujera zai sauko, ya dubi da'irar, ya dubi wanda ya zana ta, ya koma ya zauna. Ya sanar da cewa wasa ya ƙare.

Na buɗe baki, na rufe. In na ce ba wannan sawun ba ne, tambayar da za ta biyo baya ita ce yaya aka yi Bango bai gani ba, ni kuma na rantse. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

A bakin raga yaron ya miƙa hannu bai dubi fuskar Yaya ba. Na ji abin da ya ce, don filin ya yi tsit.

"Baba, da ka ce min kana so, da na bar maka."

Yaya ya bi shi da kallo bai gane ba. Masu gyaran fili suka shigo suka ja tabarmarsu a kan ƙasar, sawu da da'ira duk suka shafe.

Ina ɗakin ɗaurin igiya, ƙaramin ɗaki ne a ƙarƙashin matattakala, Yaya ya shigo da tawul a wuya yana murmushi irin na yaro. Rabona da ganin wannan murmushi an daɗe. Na ajiye almakashi, na miƙa masa wayata. Wani ɗan kallo ya ɗauki hoton bidiyo daga sama, tuni ya bazu, mutane na ta rubutu a ƙasa. Wani ya ce rana dubu ta ɓarawo. Wani ya ce Allah kaɗai ya san sau nawa ya yi haka a baya ba a kama shi ba.

Ya kawo wayar kusa da idon dama, ya kalla sau biyu. Ya zauna a kan akwatin ƙwallaye.

"Kin gani a lokacin?"

"Na gani."

"Kika yi shiru?"

"Kai ka ɗaure min baki, Yaya. Kar ka ɗora min duka."

Bai musa ba. Sakamako dai ya riga ya shiga takarda, bakin alƙalami ya bushe, ba dokar da za ta mayar wa yaron makinsa. Gobe wasan ƙarshe, irin wanda Yaya ya shekara shida bai kai ba. In ya yi shiru zai buga, watakila ma ya ɗauki kofin, a matsayin tsohon da ya cuci yaro. In ya faɗi gaskiyar idonsa, ba mai sake yarda da shi a fili, shi ma ba zai sake yarda da kansa ba.

"Ka ce kuskure ne kawai," na ce. "Kowa na yin kuskure."

"Taƙi guda? Wa zai yarda? Ke za ki yarda?"

Ya miƙe, ya ɗauki ƙwallo ɗaya a akwatin ya ce in biyo shi.

Mun samu Bahago a barandar ɗakin canza kaya shi kaɗai, yana cusa takalmansa a jaka, idanunsa jajir. Da ya ga Yaya sai da ya miƙe tsaye, tarbiyya ba ta bar shi ya zauna ba, amma bai gaishe shi ba.

"Ƙwallonka ta ci layi," Yaya ya ce. "Ban gan ta ba. Idona na hagu ya tafi, wata takwas ke nan."

Yaron ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baba, ba sai ka nemo min dalili ba. Ya wuce."

"Ban zo da dalili ba. Ungo."

Ya ba shi ƙwallon, ya ja baya taku uku, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya buɗe ɗayan hannun.

"Jefo min. A hankali, kamar za ka jefa wa jariri."

Bahago ya dube ni. Na gyaɗa masa kai. Ya jefo. Hannun Yaya ya damƙi iska, ƙwallon ta buge shi a kafaɗa ta faɗi. Na tsinto na mayar wa yaron. Ya sake jefowa, a hankali fiye da na farko, ta wuce ta gefen kunnensa bai ko motsa ba. Na sake tsinto wa yaron, na juya fuskata, don ba zan iya kallon na uku ba.

Yaron ya tsaya riƙe da ƙwallon, bai jefa ba.

"Da wannan idon ka yi awa uku da ni?"

"Da ɗayan. Kai ma ka taimaka, bugunka akwai ƙara."

Bahago ya zauna a benci ya kifa kansa a gwiwa. Yaya ya bar shi ya yi kukansa, sannan ya dafa shi.

"Laifi nawa ne. Na san ba na gani, na je na zana da'ira kamar mai gani. Kai kuma daga yau, ko wa ya nuna maka sawu, ko ubanka ne, ka sa alƙali ya sauko. Tashi mu je ofishin shugaban gasa. Alƙalin yana can, 'yan jarida ma suna can. Zan janye daga wasan gobe, kuma ina so su gani kamar yadda ka gani. Kai za ka jefo."

"Ba zan iya ba, Baba. A gaban mutane? Wallahi ba zan iya ba."

"Tun azahar kake jibgata da ita kamar ka samu jaki, sai wannan 'yar jifar ce za ta gagare ka?"

Yaron ya yi dariya cikin hawaye, ya share fuska da gefen rigarsa, ya tashi.

A hanya na matso kusa da Yaya na yi ƙasa da murya. "In ka shiga ɗakin nan, ka gama wasa ke nan har abada. Ka sani ko?"

"Na sani, Auta."

"Ba ka ko tsoro?"

"Ina ji mana."

Ofishin yana ƙarshen baranda, ƙofarsa a buɗe rabi, ana ta hayaniya a ciki. Suka shiga su biyu. Ni na tsaya a waje na jingina da garu, don na ga abin sau biyu kuma ya ishe ni. Na ji muryar Yaya yana magana a nitse, hayaniyar ta lafa har ɗakin ya yi shiru. Sai na ji ya ce, "Bismillah, jefo."

Na ji ƙwallon ta faɗi a siminti, ta yi tsalle sau biyu, ta gangara. Ba wanda ya tashi ya ɗauko ta.