Makullai Bakwai a Hannun Safira

Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, mutanen kartiye, unguwar su Safira, suke ta zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu Maradi, wasu Damagaram, maza kuwa dajin zinari. Duk wanda zai tafi sai ya bar mata makullin gidansa, don an san ba ta wasa da amana. Bakwai ta tara a igiya guda.

Ran Asabar ta goya ɗanta Eli, ta fita share gidajen. A gidan Baraka, maƙwabciyarta da ta koma Damagaram bara, ta tsaya cak. Kwaɗo na nan a rufe, amma da ta buɗe, tsakar gida fes, ga sawun ƙafar yaro har bakin madafa. Aljani dai ba ya shara. Ta ƙara ɗaure goyonta, ta leƙa.

Wata mace ce a rakuɓe, da 'yarta a cinya.

"Baiwar Allah, ta ina kika shigo?"

"Ta inda katanga ta zube. Kamiyon kaya daga Assamaka ya sauke mu, daga Aljeriya aka koro mu. Ni 'yar Matamai ce, sunana Sadiya."

"Me ya kai ki can da yarinya?"

"Abin da ya kawo ku nan."

Safira ta matsa kusa. Ta taɓa goshin yarinyar, ba zazzaɓi, yunwa ce kawai. Amma gidan ba nata ba ne. In ta yi shiru ta ci amana, in ta faɗa wataƙila a ce ta kore su, ga rana tana dukan ƙasa.

Ta ciro salula.

"Yaya Baraka, kin yi baƙi."

"Maman Eli, ɓarayi?"

"Ɓarawo mai tsintsiya? Mace ce da ɗiya." Ta zayyana mata komai, ba ta rage ba.



"Ni ma a ɗakin ƙanwar mijina nake raɓe," in ji Baraka a hankali. "Buɗe musu ɗakin waje. Na ciki kada a taɓa, kayan aurena ne. Kuma ta toshe katangar nan, kada gobe ki kira ni ki ce awaki."

Safira ta tsuguna ta fara kwance igiyar makullan da haƙori.