Kai Melenaite Gida

Likita bai yi mana ɓoye-ɓoye ba. Ya ce in Melenaite na so ta cika a ɗakinta, to mu kama hanya tun da sauran numfashi. 'Yarta tana Auckland, can ƙasar waje, takardun tafiya sun riƙe ta. Matata kuma ciwon ƙafa ya hana ta zuwa ko coci. Haka ɗawainiyar ɗauko ƙanwata daga Nuku'alofa zuwa Neiafu a jirgin ruwa ta faɗo kaina, ni da na fi kowa rashin dacewa da ita.

Tun ranar da muryata ta fara buɗewa aka fitar da tabarmata zuwa bukkar da ke bayan gidanmu. Daga nan ban ƙara shiga ɗakin da take kwana ba, ban ci a kwanonta ba, ban taɓa ko gefen zanenta ba. Na girme ta, amma a wurinmu 'yar'uwa mace gaba take da ɗan'uwanta. Ita ta raɗa wa 'ya'yana suna duka. Haka muka yi furfura, kuma ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba sai a jirgin nan.

Mata biyu daga asibiti suka kwantar da ita a saman jirgi, inda iska ke bugawa, suka koma. Jirgin ya cika maƙil: buhunan doya, alade a keji yana ta tsuwa, samari 'yan ƙwallo, sai Turawa masu zuwa hutu don su ga tofua'a, ƙaton kifin nan mai feso ruwa. Wata daga cikinsu, doguwa mai gajeren wando, sai ɗaukar hoton kowa take yi. Na harare ta har ta sauke abin hotonta.

Allah ya haɗa mu da wata mai sayar da gwaza, Ma'ata, mace mai baki.

"Dattijo, matarka ce?"

"Ƙanwata ce."

"Ash! To me ka tsaya mana a kai kamar turken doki? Matsa can, ka bar mata su yi aikinsu. Kalle shi, ko kofin ruwa bai iya riƙewa ba."

Melenaite ta yi 'yar dariya, har tari ya sarƙe ta. Na kai tabarmata can gindin ƙarfen gefen jirgi, inda zan hange ta ba tare da na takura mata ba. Ma'ata ta ba ta ruwa, ta juya ta, ta shafa mata man kwakwa a ƙafa. Hankalina ya kwanta.

Da safe jirgi ya tsaya a Pangai, cikin tsibiran Ha'apai, Ma'ata ta ɗaure kayanta.

"Nan ne gida, Baba. Da da hali da na raka ku. Ka nemo wata mace, ka ji? Kada ka zauna kana zare ido."

Na nema. Amma muna barin tsibiran Ha'apai teku ta tashi, ta kwantar da matan da suka rage duka, kowace da bokitinta a gaba. Wadda na roƙa ko kai ba ta iya ɗagawa ba. Na dawo na zauna, ina kallon ƙirjin Melenaite yana hawa da sauka da ƙyar. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin guguwa.

Rana ta karkata lokacin da tsibiran Vava'u, inda Neiafu yake, suka bayyana, ruwa ya lafa.

"Filimone," ta kira ni. "Mun kai Talau?"

Dutsen Talau take nufi. Gidanta a gindinsa yake.

"Saura kaɗan. Ga shi can ya fara leƙowa."

"Ina so in gan shi."

Ta yunƙura, kanta ya koma kan matashi. Gefen jirgin ya tare mata komai, sama kawai take gani. Na taso na durƙusa kusa da ita, kusancin da ban yi ba tun muna yara. Na miƙa hannu.

"Bari in ɗaga ki, Melenaite. Babu mai kallo."

"Kul!" Muryar ta fito da ƙarfin da ban san ya rage mata ba. "Tsufa ne ya fara taɓa ka? In na iske Mama gobe, in ce mata me? Koma wurinka."

"To bari in faɗa miki abin da nake gani. Ga kwale-kwalen masu su, ga..."

"Ba labari nake so ba. Gani nake so."

Na duba dama, na duba hagu. Mace ɗaya ce a tsaye a duk saman jirgin, Baturiyar nan da na harara. Na je na sunkuyar da kai, na haɗa ɗan Turancin da nake da shi. Ba ta bari na gama ba. Ta ce sunanta Heather, ta cire takalmi, ta zauna bayan Melenaite, ta tallabo ta a hankali ta jingina ta a ƙirjinta. Ni kuwa na koma baya na tsaya inda ya kamata in tsaya.

Melenaite ta ga Talau. Ta ga farar cocin da ke kan tudu, da jiragen masu hutu birjik a mashigi. Fuskarta ta saki. Sai ta juyo da idonta kaina, leɓunanta suka fara motsi. Daidai nan jirgi ya busa ƙahon isowa, Turawa suka hau tafi, samari suka ɓarke da waƙa. Ina ganin bakinta na motsi dab da kunnen Heather, idonta a kaina, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ɗaga ƙafa in matsa, na tuna ta ce in koma wurina, na mayar.

Kafin a jefa igiyar ɗaure jirgi, Melenaite ta cika.

Heather na kuka kamar uwarta ce. Na ce, "Me ta ce? Don Allah, me ta ce?"

"Ta yi magana da yawa," in ji ta. "Na ji sunanka. Sauran ban sani ba, ba na jin yarenku."

"Maimaita mini yadda kika ji. Ko yaya ne."

Ta rufe ido, ta gwada. Abin da ya fito ba magana ba ce, sauti ne kawai.

Matan dangi suka hau jirgi da baƙaƙen kaya da tabarmi a ƙugu, suka kewaye gawar. A makokin 'yar'uwa wurin ɗan'uwa can bayan gidan ne, wajen murhu, can na yi zamana ina fasa itace. Da aka gama na je masaukin Heather a bakin ruwa. Ta bar kallon kifin da ya kawo ta, ta zauna da ni, ta sake gwadawa. Washegari ma na koma. Kowane gwaji daban yake fitowa da na jiya.

Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba komai, ai ta yi mana abin da ba za mu iya biya ba. Amma har yau ban sani ba ko godiya Melenaite ta yi mini, ko wani saƙo ta bar mini wanda take can tana jira in isar.