Shirun Auta a Rediyo

Mai gabatar da shirin ta miƙo hannu ta zare takardun da ke gaban Auta, ta kife su a kan kujerar gefe. Ta ce makirufo yana kama motsin takarda kamar saukar ruwa a kan kwano, don haka sai dai ya yi magana da ka. Kafin ya buɗe baki ya roƙe ta, jar fitilar da ke saman ƙofa ta kama.

Duk shirinsa yana cikin takardun nan. Tun da aka gayyace shi hira a kan littafinsa na farko, kullum in ya taso daga ofis sai ya zaunar da Yaya, ta riƙe cokali a matsayin makirufo, tana jefo masa tambayoyi tana tsokanarsa cewa ashe difloma ba ta maganin rawar murya. Sun shirya yadda zai faɗi asalin rubutunsa, da inda ake samun littafin, har da yadda zai kurɓi ruwa ba a ji ba. Tambaya ɗaya ce suka yi ta kewayewa. Shi bai rubuta ta ba, ita ma ba ta taɓa yi masa ita ba.

Littafin labarin wani tela ne mai zafin zuciya, wanda ya ɗauki littafin da ɗansa yake rubuta labarai a ciki, ya yanka shi ya fitar da samfurin wuyan riga. Baba kuwa tela ne. Ba ya karatun boko, amma rediyonsa ba ya mutuwa daga buɗe shago har rufewa, kuma tun jiya ya gayyaci masu shagunan layin su zo su saurari Autansa.

Da farko komai ya tafi daidai. Amsoshin suka riƙa fitowa yadda ya haddace su, har ya fara jin kafaɗunsa suna sauka. Sai matar ta duba allon da ke gabanta, ta yi murmushi.

"Masu sauraro suna son su sani. Telan nan na cikin littafi, mahaifinka ne?"

Auta ya girgiza kai. Ta nuna masa makirufo da biro, tana juya yatsa alamar ya yi magana. A bayan gilashi injiniya ya ɗaga hannuwa biyu. Babu abin da Auta yake ji a kunnensa sai numfashin kansa, babu abin da yake gani sai bencin shagon Baba cike da maƙwabta, da keken ɗinki a tsaye.

"A'a," ya ce daga ƙarshe. "Ƙirƙira ce kawai."

Bayan fitilar ta mutu, matar ta mayar masa da takardunsa, ta ce ya yi ƙoƙari, sai dai ya riƙa tunawa cewa rediyo ba ya ganin kai. Yana cikin bas Yaya ta yi ta kiransa a waya, bai ɗauka ba. Ya so ya wuce gida, amma ƙafarsa ta sauke shi a bakin layin shagon Baba.

Bencin babu kowa. Rediyon a kashe yake, abin da Auta bai taɓa gani ba da rana tsaka. Baba yana sunkuye a kan tebur, tef ɗin awo rataye a wuya, yana jan alli a kan yadi. Ya amsa gaisuwar bai ɗago ba. Ya ce muryar ta fita tas, sai dai saurin ya yi yawa kamar wanda aka biyo. Ya ƙara da cewa shi tun kafin a haifi Auta yake sauraron rediyo, ya san "a'a" da ke bakin mutum, ya kuma san wadda sai an je an nemo.

Auta ya matso kusa da teburin.

"Baba, ni dai..."

"Yayarka ta karanta mini shi tun makon da ya fito." Baba ya ɗauki almakashi, ya daidaita bakinsa a kan layin allin. "Ba wuyan riga ba ne, aljihu ne. Wuyan riga ba ya fita a ƙaramar takarda irin wannan, duk telan da ya ji sai ya yi maka dariya. In za a sake bugawa, ka gyara."

Ya miƙa hannu ya kunna rediyon, sannan ya tura wa Auta ƙarshen yadin.

"Riƙe mini nan. Kada ka saki."