Ƙofar Ɗakin Inna

Ranar da mai sa na'urorin tsaro ya zo, sabon gidanmu bai ma daina warin fenti ba. Buhunan siminti na jingine a tsakar gida, tagogi da ledarsu. Ya buɗe jakarsa a kan tayil ɗin falo, ya baje kaya kamar mai tallan magani: wannan mai jin motsi ce, wannan ta fasa gilashi, wannan kuma 'yar fara mai maganaɗisu, ana liƙa rabi a ƙofa rabi a jikin bango, da an buɗe ta sanar.

Maigidana ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Shi dai ɓarawo ne a ransa. Yana son kyamara a bakin get, wayar lantarki a kan katanga, da jiniyar da za ta tashi unguwa. Ni ɓarawo bai dame ni ba, me zai ɗauka? Abin da ke hana ni sukuni Inna ce, mahaifiyarsa.

Inna ta fara rikicewa tun bara. Takan ɗauki mayafi ta fice, wai za ta ɗauko ɗanta daga makaranta, ɗan da yanzu furfura ta cika masa gemu. A tsohon gidan da sauƙi, kowa ya san ta. Mai shago zai tare ta da hira, ya aiko a kira ni. Nan kuwa ba wanda ya san mu, ga babban titi a bayan layin, manyan motoci ba sa ko rage gudu.

Na ja maigidan gefe na ce ya gaya wa mutumin gaskiya, a sa mana abin da zai nuna mini in Inna ta buɗe ƙofarta. Fuskarsa ta canja. Ya ce uwarsa lafiyarta ƙalau, tsufa ne kawai, kuma ba zai tsaya gaban baƙo yana tona mata asiri ba. Na san halin kayana. Mutum ne da zai kai ta asibiti a goye, amma bakinsa ba zai iya furta sunan ciwon ba. Na ce to ni zan faɗa. Ya yi mini wani kallo, na haɗiye maganata, raina a ɓace.

Da muka zo ɗakin ƙarshen baranda, wanda muka ware wa Inna, mutumin ya tambaya na wane ne.

Maigidan ya ce, "Ɗakin ajiya ne. Akwai abu mai daraja a ciki. Ka sa masa irin 'yar farar nan, ta riƙa aiki dare da rana."

Mutumin ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko a haɗa ta da jiniya, ko kuwa ta riƙa ɗan ƙara a hankali tana turo saƙo a waya. Ya ce irin ta biyun masu ƙananan yara da marasa lafiya ake sa wa. Ina jin kalmar marasa lafiya na san an gama. Maigidan ya ce a haɗa da jiniya, ko kallona bai yi ba. Daga baya ya ce mini kada in damu, shi zai gyara abin da kansa a waya kafin mu tare. Shi da ko agogon motarsa bai iya saitawa ba.

Mun tare ranar wata Asabar. Hidima ta sha kanmu, ana shigo da katifu, ana neman akwatin da cokula suke. Ƙanen maigidan ya kawo Inna bayan azahar, muka shimfiɗa mata a ɗakinta, ta yi barci, na ja mata ƙofa. Maigidan ya kunna na'urorin yana nuna wa ƙanensa yadda suke aiki, yana ta fara'a. Ban tambaye shi ko ya gyara ta ƙofar Inna ba.

Ina kicin ina jera tukwane jiniyar ta tashi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana na ji ta. Yaranmu suka fashe da kuka. Sabbin maƙwabtan da ko gaisawa ba mu yi ba suka shigo da gudu, ɗaya riƙe da ƙarfen canja taya.

Muka sami Inna a baranda, a durƙushe, mayafinta a ƙasa, hannuwa biyu a sama. Zaninta ya jiƙe. Maigidan na ta danna waya, lambar kashewa ta ɓace masa. Da ƙyar ƙanensa ya cire wayar jiniyar daga bango. Maigidan ya durƙusa zai ɗaga ta, ta ja baya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri. Wallahi ban ɗauki komai ba. Yarona zan ɗauko."

Maƙwabta suka sunkuyar da kai suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ganin maigidana yana kuka ba sai ranar, kuma ban iya ba shi haƙuri ba, don haushinsa nake ji.

Washegari ya kira mai na'urorin, ya gaya masa komai a tsaye a bakin ƙofar. Mutumin ya raba ƙofar da jiniya, ya mai da ita mai turo saƙo a wayata. Aikin bai ɗauke shi wani lokaci ba.

Saƙon bai taɓa shigowa ba. Inna takan manta sunana, takan manta ta ci abinci, amma wannan ƙarar ba ta manta ba. Ba ta ƙara taɓa hannun ƙofar ba. In tana son ruwa ko banɗaki, sai ta tsaya daga ciki ta ƙwanƙwasa a hankali, tana jiran wani ya ba ta izini.