Ba Za Ta Gangara Ba

"Sauke min bargona daga motar nan, Severo, ko in sauke ka da kaina."

Doña Eulogia, maƙwabciyarmu, tana zaune a bakin ƙofa, hularta a ka, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ɗanta Severo ya zo da bas ɗinsa ta haya zai kai ta Santa Cruz, birnin da ke can ƙasan tsaunuka. Likita ya ce jininta ya yi kauri, iskar garinmu El Alto, da ke can ƙolin tsauni, ta yi mata kaɗan. In ba ta gangara ba, ba za ta ga damina ba.

"Mama, can akwai ɗumi, ga ayaba."

"Ni biri ce?"

Ya juyo gare ni. "Nayra, ke da kike jami'a, gaya mata."

Na san likita bai yi ƙarya ba. Amma lokacin da mahaifiyata ta zo daga ƙauye tana goye da ni, nan fili ne fetal, sai iska da karnuka. Dokar unguwa kuwa, kowane gida ya haƙa rabonsa na ramin bututu, wanda bai haƙa ba babu famfo. Mahaifiyata na kwance, ba mu da kowa. Doña Eulogia ta haƙa nata ta haƙa namu, tafukanta suna jini saboda sanyi. Da ruwan nan na girma.

"Ba buhun dankali ba ce," na ce. "Ta ce ba ta zuwa."

"Karatun naki ke nan?"

"Shi ke nan."

Tsohuwar ta daki ƙasa da sandarta. "Da hannuna na binne ɗan tayin llama, raƙumin tsaunukanmu, ƙarƙashin gidan nan, na ciyar da ƙasa kafin a aza tubali. In tafi in mutu a ƙasar da ba ta san ni ba?"

Severo ya sauke bargon, idanunsa jawur. Ni da shi muka raba jinya.

A lokacin aka fara zuba wa layinmu siminti. Kullum da hantsi muna fito da ita rana, tana tauna ganyen koka, tana yi wa leburori tsiya.

"Kai mai jar hula, a hankali! Bututuna na nan ƙasa, ya girme ka!"

Wata safiya na kawo mata shayi, na tarar kanta ya jingina da bango, hular ta zame.

A al'adarmu sai an zagaya da mamaci layinsu ya yi bankwana. Simintin bai bushe ba, an ja igiya an tare. Na ɗaga igiyar.

"'Yan mata, ba a bi nan!" in ji shugaban leburorin.

"Ita za ta bi."

Ya dubi akwatin gawar, ya dubi jama'ar da ke bayansa har kwanar layi. Ya cire hularsa, ya riƙe ɗaya gefen igiyar.

Simintin ya bushe da sawunmu a jiki, tun daga ƙofarta har bakin babban titi. In an yi ruwan sama sawayen sukan cika, tattabaru su sauko su sha.